Kogin Binuwai da Gandayen Dajin da Ke Tsaron Mafarinsa

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba ko Satumba ya kama, sunan Lagdo yakan dawo bakin mutanen Najeriya. Hukumomi su yi gargaɗin cewa Kamaru za ta buɗe ƙofofin madatsar ruwanta, mazauna Yola da Numan da Makurɗi da Lakwaja su shiga zullumi, in ruwa ya janye kuma a ajiye zancen sai baɗi. Abin da yawancinmu muka sani game da saman Kogin Binuwai bai wuce wannan ba, alhali kuwa madatsar Lagdo ɓangare ɗaya ce kawai na wani babban tsari da ya haɗa tsaunuka da kurmi da fadamu a ƙasashe uku, wato Kamaru da Najeriya da Cadi. A cikin wannan tsari akwai manyan gandayen daji guda huɗu waɗanda suke zaune daidai inda ruwan yake fitowa, kuma halin da suke ciki ya shafi mai noman rani a Numan da masunci a Ibi fiye da yadda ake zato.

Binuwai yana tasowa ne daga tudun Adamawa na Kamaru, arewa da garin Ngaundare, a wurin da tsayin ƙasa ya haura mita 1,300 daga saman teku. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja, kuma shi ne mafi girma cikin kogunan da suke zuba a Kwara, har ma a lokacin cikarsa ruwan da yake kawowa mahaɗar yakan fi wanda Kwara ɗin kansa ya zo da shi. Abin da ya kamata a lura da shi a tafiyar kogin shi ne yadda gangarensa ya rabu gida biyu. A farkon tafiyarsa yana saukowa da gudu ta cikin duwatsu da kwazazzabai, ta yadda kafin ya iso Garwa ya riga ya sauko ƙasa da mita 200. Daga Garwa zuwa Lakwaja kuwa, tafiyar kusan kilomita 1,000, gangaren da ya rage masa kaɗan ne ƙwarai, domin yana bin wani faffaɗan kwari ne da ya samu tun zamanin da nahiyar Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka. Saboda haka ruwan da ya faɗi a kan tsaunuka yana isowa kwarin cikin hanzari, amma fitarsa daga kwarin sai a hankali, kuma duk abin da ya ɗebo na yashi da laka a can yake zube shi. Wannan shi ne tushen albarkar fadamun Binuwai, shi ne kuma tushen ambaliyarsa.

Rassan kogin ma sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Mayo Rai yana zuba a tafkin Lagdo, don haka madatsar tana iya riƙe ruwansa. Mayo Kebbi kuwa, wanda yake fitowa daga kudu maso yammacin Cadi ta tafkin Lere, yana haɗuwa da Binuwai ne a ƙasan madatsar, kafin Garwa. Haka nan Kogin Faro, wanda shi ma daga tudun Adamawa yake gangarowa yana ratsa gindin duwatsun Alantika, sai a kan iyakar Kamaru da Najeriya yake shiga Binuwai. A cikin Najeriya akwai Gongola da yake shigowa a Numan, sannan Taraba da Donga da Katsina-Ala, waɗanda su ukun daga tsaunukan kan iyaka suke saukowa. In ban da Mayo Rai, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da madatsar Lagdo take da iko a kansa. Sinawa ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982 domin samar wa arewacin Kamaru wutar lantarki da ruwan noman rani, kuma gaskiya ne cewa sakin ruwanta a lokacin da kogi ya riga ya cika yana ƙara tsananta lamarin, musamman a jihar Adamawa. Amma ambaliyar 2012, wadda hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce ta halaka mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallansu, da ta 2022 wadda ta ci rayuka sama da 600, ba ruwan Lagdo kaɗai ne ya haddasa su ba. Ruwan sama mai yawa da ya sauka a kan dukan waɗannan rassa a lokaci ɗaya yana da babban kaso, ga kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ƙaramar hukumar Fufore domin tare ruwan, wadda har yau ba a gina ba.

In aka dubi taswirar arewacin Kamaru da wannan fahimta, sai a ga cewa uku daga cikin gandayen dajin ƙasar suna jere ne daga yamma zuwa gabas a kan hanyoyin ruwan nan. Gandun Faro, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,300, yana tsakanin Kogin Faro da reshensa Mayo Dewo, dab da iyakar Najeriya, kuma a 1980 aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun daji na ƙasa. Gandun Binuwai yana tsakiya, faɗinsa murabba'in kilomita 1,800, kogin kansa ne ya yi masa iyaka ta gabas na tsawon fiye da kilomita 100. An keɓe shi tun 1932 a zamanin mulkin Faransa, ya zama gandun ƙasa a 1968, sannan UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da take kula da muhallinsu a 1981. Na uku shi ne Buba Njidda, mai murabba'in kilomita 2,200, wanda aka raɗa wa sunan wani Lamiɗon Rai Buba, kuma ya jingina da gandun Sena Ura na Cadi. Tsakanin waɗannan ukun da kewayensu akwai yankunan farauta da gwamnati take bai wa kamfanoni haya, inda baƙi daga Turai da Amurka suke biyan kuɗi mai yawa su harbi dabbobin da aka ƙayyade musu. In aka haɗa gandayen da yankunan farautar, sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na jihar Arewa ta Kamaru, kuma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa maganar ƙasa take da zafi a can.

Dajin wannan yanki irin wanda Bahaushe ya sani ne a da, na doka da maje da kawo da madobiya da maɗaci, da dogayen ciyayi da suke bushewa da rani, sai kurmi mai duhu da yake bin bakin rafuka. A cikinsa akwai ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gwambaza da mazo, akwai zaki da damisa da kura, akwai kuma dorina da kada a guraben kogi masu zurfi waɗanda ba sa ƙafewa. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da suka rage wa barewar nan mafi girma a duniya, mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda Fulanin yankin suke kira yamusa. Zakunan da suke wannan daji suna cikin mafi muhimmanci da suka rage a Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, ganin cewa a Najeriya duka ba a san inda zaki ya saura ba sai ɗan abin da ke Yankari da Kainji.

Asarar da aka riga aka yi ma ba ƙarama ba ce. Baƙin karkandan yammacin Afirka a wannan daji ya yi zamansa na ƙarshe a duniya. Masu bincike sun karaɗe yankin a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, kuma a 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta ayyana cewa irinsa ya ƙare baki ɗaya. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi, waɗanda aka yi imanin daga Sudan suka ratso ta Cadi, suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni domin haurensu, kafin gwamnati ta tura sojoji. Raƙuman dawa da suka rage a gandun Binuwai ba su wuce 'yan gomomi ba, kyarkeci kuma an daina ganinsa. Waɗannan abubuwa sun faru ne a idon mutanen da suke raye yanzu, kuma abin takaici ne cewa kisan giwayen nan ya fi yin amo a jaridun Turai fiye da a garuruwan da suke shan ruwan kogin.

A ɓangaren Najeriya, gandun Gashaka Gumti shi ne abokin waɗannan ukun, kuma ya fi kowannensu girma, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400 a jihohin Taraba da Adamawa. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandaye biyu da suka gabace shi, hedkwatarsa tana Serti. Arewacinsa, wajen Tongo da Gumti, fili ne mai itatuwa irin na Faro. Kudancinsa kuwa tsaunuka ne masu kurmi da hazo, inda dutsen Cabbal Wadi yake, wanda da tsayinsa na mita 2,419 ya fi kowane dutse a Najeriya. Rafukan Kam da Gashaka da Gamgam da Yim duk daga cikin gandun suke fitowa su tara ruwan Kogin Taraba, kuma saboda kurmin da yake rufe da su ba sa ƙafewa ko da rani ya tsananta. A nan ne ake samun ɗaya daga cikin manyan rukunonin birin nan na chimpanzee da mutanen yankin suke kira biri mai ganga, wanda Najeriya da Kamaru ne kaɗai suke da irinsa a duniya, tare da tsuntsaye fiye da iri 500.

Yadda iyaka ta raba wannan daji gida biyu yana da tarihinsa. A ƙarni na 19 dukan yankin yana ƙarƙashin masarautar Fombina ce, wadda Modibbo Adama ya fara daga Gurin a bakin Kogin Faro kafin ya kafa Yola a 1841, kuma Garwa da Rai Buba da Ngaundare da Tibati duk lamiɗanci ne da suke da alaƙa da Yola. A mahaɗar Faro da Binuwai ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya tsallaka kogin a watan Yunin 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingilishi ta miƙa mafi yawan ƙasar masarautar ga Jamusawa, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta mayar da Gashaka da Tongo da Mambila cikin Najeriya. Abin da ya biyo baya shi ne daji ɗaya da dokoki biyu da harsunan mulki biyu, alhali makiyayi da ɗan kasuwa da masunci, waɗanda Fulatanci da Hausa suka ishe su mu'amala a kowane ɓangare, suna ci gaba da zirga-zirgarsu kamar yadda kakanninsu suka yi. Mafarauci ma ya san cewa in ya tsallaka rafi guda, ma'aikacin gandun da yake bin sawunsa ba shi da hurumin binsa.

Dangantakar daji da ruwa tana buƙatar a faɗe ta daidai, ba tare da ƙari ba. Daji ba ya hana babbar ambaliya irin ta 2012, domin in ruwan sama ya yi makonni yana zuba, ƙasa takan ƙoshi, abin da ya biyo baya kuma dole ya gangara. Amfanin daji yana wani wajen ne. Saiwoyi da ganyen da suka rufe ƙasa suna rage gudun ruwa a kan gangare, suna ba shi damar nutsewa, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka a watannin Fabrairu da Maris da Afrilu, lokacin da mai lambu da makiyayi suka fi buƙatarsa. Suna kuma riƙe ƙasar kanta. In aka sare kurmin bakin rafi aka ƙone ciyawar tudu, ruwan farkon damina yakan kwashe ƙasar ya kai ta kwari, ta cike tafkin Lagdo ta rage yawan ruwan da zai iya riƙewa, ta kuma cike cikin kogin a ƙasa ta yadda ruwan da a da yake wucewa lafiya sai ya yi ta malala cikin gonaki da gidaje. Tashar jiragen ruwa ta Garwa, wadda a da ake lodin auduga da gyaɗa a cikinta a 'yan watannin cikar kogi a kai su teku ta Najeriya, ta daɗe da mutuwa, kuma yashi yana cikin dalilan, tare da samuwar hanyoyin mota da na jirgin ƙasa.

Matsin da gandayen suke fuskanta daga buƙatun mutane yake fitowa, kuma bai dace a kwatanta shi da mugunta ba. Tun shekarun 1970 manoma suke ƙaura daga jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, inda ƙasa ta yi kaɗan, zuwa kwarin Binuwai domin noman auduga da masara, kuma da yawansu sun zauna a bakin babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundare, wadda ta bi gefen yammacin gandun Binuwai ta datse hanyoyin da giwaye da sauran dabbobi suke bi zuwa Faro. Masu haƙar zinariya suna kafa sansani a bakin koguna cikin gandayen, suna tone gaɓa suna gurɓata guraben da dorina take kwana, naman dajin da suke ci kuma daga nan yake fitowa. A Taraba, cinikin katakon madobiya zuwa Sin, wanda 'yan kasuwar yankin suke kira madrid, ya share itacen daga dazuzzuka da dama cikin 'yan shekaru har ya kai bakin Gashaka Gumti, kafin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sanya wa cinikinsa takunkumi daga 2017. Ita kanta madatsar Lagdo ta canza rayuwar kwarin, domin ta jawo dubban masunta daga Najeriya da Cadi da sauran wurare masu neman giwan ruwa da karfasa, amma ta rage ambaliyar shekara-shekara da manoman masakwa, wato dawar rani, na ƙasan madatsar suke dogaro da ita.

Mafi sarƙaƙiya cikin waɗannan duka shi ne batun kiwo. Da rani garken shanu daga Najeriya da Cadi da Nijar da arewacin Kamaru suna gangarowa wannan yanki, saboda nan ne ciyawa da ruwa suka rage, kuma maganin sammore ya sa yanzu shanu suna iya zama a dajin da tsando ya hana su shiga a da. Rikicin Boko Haram a yankin Tafkin Cadi da cinye burtali da gonaki suka yi a wurare da yawa sun ƙara turo su kudu. Illar a bayyane take: ana sassabe rassan kawo da madobiya a ba shanu, ana cinna wuta ba a kan lokaci ba, wani lokaci a sa guba a mushe domin kashe zaki ko kura, ga kuma cututtukan da suke yawo tsakanin shanu da ɓauna. Sai dai wanda ya ce mafita ita ce a ƙara bindigogi a kori kowa bai dubi girman dajin da ƙarancin ma'aikatansa ba, bai kuma tambayi inda shanun za su nufa ba. Gashaka Gumti tun kafuwarsa ya bar wasu keɓaɓɓun wurare a cikinsa, irin su Cabbal Hendu da Filinga, inda aka yarda makiyaya da manoma su zauna bisa sharuɗɗa, kuma duk da cewa tsarin yana da matsalolinsa, ya amince da gaskiyar cewa mutanen sun riga gandun zuwa. A Faro, ƙungiyar African Wildlife Foundation ta ɗauki makiyaya 'yan yankin aiki domin su tari garken da ke tafe, su yi musu bayani da harshensu, su nuna musu hanyar da za su bi ba tare da sun shiga gandun ba. A Gashaka kuma gidauniyar Africa Nature Investors tana aiki da hukumar gandayen daji ta ƙasa tun 2017 wajen ɗaukar matasan ƙauyukan kewaye aikin gadi. A ganina irin wannan aiki, wanda yake bi ta hannun arɗo da lamiɗo da mai unguwa, ya fi kusa da abin da zai ɗore, muddin an haɗa shi da burtali da mashaya na gaskiya a wajen gandayen.

Ta fuskar hukuma, kayan aikin haɗin gwiwa suna nan a rubuce. Najeriya da Kamaru da Cadi duk mambobi ne na Hukumar Kula da Kogin Kwara mai hedkwata a Yamai. Kamaru da Cadi sun rattaba hannu a 2011 kan tafiyar da Buba Njidda da Sena Ura tare, kuma a watan Afrilun 2024 Najeriya da Kamaru suka sanya hannu a Abuja kan yarjejeniyar kare dazuzzuka da namun dajin kan iyakarsu. An daɗe ana maganar mayar da tsaunukan Cabbal Mbabo na Kamaru, waɗanda suke maƙwabtaka da Gashaka Gumti, gandun ƙasa, abin da zai taimaka wajen haɗa dajin Gashaka da na Faro. Najeriya ta taɓa nuna cewa tana iya kashe kuɗi saboda haɗarin da ke tasowa daga tsallaken iyaka, domin madatsar Kashimbila da ke kan Kogin Katsina-Ala an gina ta ne da nufin tare ruwa in bangon tafkin Nyos na Kamaru ya fashe. Giɓin da ya rage shi ne ma'aikatun ruwa da na gandun daji a ƙasashen biyu kowace tana aikinta daban, ta yadda in an zauna maganar ambaliya injiniyoyin madatsa ne kawai a teburin, in an zauna maganar namun daji kuma babu mai tuna manomin shinkafa na Fufore. Jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi su ne suke kwasar asara duk lokacin da yashi ya ƙaru ko rafi ya ƙafe, saboda haka su ya fi kamata su matsa a sanya kula da dazuzzukan Faro da Gashaka cikin kasafin yaƙi da ambaliya, tare da na'urorin auna ruwa a kan Faro da Mayo Kebbi waɗanda za a riƙa musayar bayanansu kullum tsakanin Garwa da Yola.